Kaftin Voulet: Hafsan da Ya Ratsa Ƙasarmu da Wuta a 1899

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurarenmu, na Agye da Gazawa da Gidan Runji, da na Tsibiri da Shadakori da Gangara, da duk wani ƙauye ko ruga da muryar nan ta iske ku, ga filinmu na faɗakarwa.

Yau tarihin wani soja za mu ɗauko. Ba ɗan ƙasar nan ba ne, Bafaranshe ne, amma a ƙasar nan ya yi aikinsa na ƙarshe, a nan kuma ajalinsa ya same shi. Sunansa Paul Voulet, muƙaminsa kaftin. Iyaye, idan da ƙananan yara kusa da akwatin rediyo, a yi haƙuri a tura su wasa, don akwai wuraren da labarin nan ba shi da daɗin ji.

An haifi Voulet a birnin Paris a 1866. Mahaifinsa likita ne. Bai shiga soja ta babbar ƙofa ba, wato makarantar Saint-Cyr inda 'ya'yan manya ke fitowa da galansu a kafaɗa. Ƙaramin soja ya fara, a rundunar da Faransa ke turawa ƙasashen da take mallaka, daga baya ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi. A zamanin nan, hafsa irinsa in ya zauna a bariki a gida sai ya tsufa bai wuce inda yake ba. Ƙarin girma yana bakin daga, can nesa, inda ake cin sababbin ƙasashe, inda wasiƙar shugaba ke yin wata biyu ko uku kafin ta iso, amsarta kuma ta yi wasu watannin a hanya. Wanda aka tura irin wannan wuri shi ne alƙali, shi ne sarki, shi ne kuma mai rubuta rahoton abin da ya aikata. Ku riƙe wannan, don duk abin da za ku ji nan gaba daga nan ya samo tushe.

An kawo shi ƙasar da Faransawa ke kira Sudan, wato Mali ta yau. A 1896, yana laftanan, aka ba shi runduna ya nufi ƙasar Mosi. A farkon watan Satumba ya shiga Wagadugu, ya cinna wa garin wuta. Sarkin Mosi, Moro Naba Wobgo, ya gudu, sai Voulet ya naɗa ɗan'uwansa Sigiri a madadinsa. Daga nan shi da abokin tafiyarsa suka gangara ƙasar Gurunsi, inda suka yi karo da Babatu, shugaban mayaƙan Zabarmawa da suka daɗe suna iko a can. Kashe-kashen da aka yi a wannan tafiya ba ɓoyayyu ba ne, manyansa sun sani. Da ya koma Paris ba wanda ya tuhume shi. Tarba aka yi masa ta jarumi, ya riƙa tsayawa gaban taron manya yana ba da labarin nasararsa, aka kuma ƙara masa girma zuwa kaftin. Yaron da ya ƙone gari aka yi masa tukuici, me kuke tsammani zai yi idan aka ƙara masa bindigogi?

Abokin tafiyar nan nasa shi ne Julien Chanoine, wanda Voulet ya girme shi da shekara huɗu. Shi Chanoine ɗan gata ne, ɗan janar. A ƙarshen 1898, daidai lokacin da ake haɗa kayan tafiyar da muke magana a kai, mahaifinsa ya riƙe kujerar ministan yaƙi na Faransa na ɗan lokaci. Saboda haka samarin nan biyu sun fito da tabbacin cewa suna da bango a Paris.

To me ya kawo su wajenmu? Tafkin Cadi. Faransa ta riƙe Aljeriya a arewa, ta riƙe Senegal da Sudan a yamma, tana kuma da ƙafa a Kwango. Burinta ta ɗinke waɗannan yankuna su zama abu guda, mahaɗarsu kuwa tafkin Cadi, inda Rabe ke mulkin Barno daga Dikwa. Sai aka tsara runduna uku. Ɗaya ta taso daga Aljeriya ta ratsa Sahara ƙarƙashin Foureau da Lamy, ɗaya daga Kwango ƙarƙashin Gentil, ta uku kuwa ta taso daga bakin kogin Kwara ta yi gabas. Ita ce aka damƙa wa Voulet.

Akwai wata takarda da ya kamata mutanen jihar Maradi su san da ita. Ranar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba iyaka. Suka ɗora tsinke a kan Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Daga bakin da'irar layin ya ƙara miƙewa gabas kafin ya karyo kudu. A bisa wannan zane, Birnin Konni da Tsibiri da Maradi duk sun faɗa rabon Ingila, Agye da Gazawa da Tasawa suka faɗa rabon Faransa. Ba a tambayi Sarkin Gobir ba, ba a tambayi Sarkin Katsinan Maradi ba. Sai a 1904 aka sake zama aka turo layin kudu, shi ya sa yau muke Nijar, danginmu na Jibiya da Sabon Birni suke Najeriya. Ga Voulet, ma'anar takardar 1898 ita ce ya zagaya ta arewa, ta ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Ya gwada, ƙishirwa ta koro shi, sai ya yi watsi da takardar ya kutso cikin ƙasar Hausa mai ruwa da hatsi.

Yanzu mu dubi rundunar kanta, don a nan ne bala'in yake. Turawan cikinta ba su kai goma sha biyu ba. Sojoji na ainihi, masu albashi, 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindiga 'yan sa-kai ne da aka ɗebo daga ƙasar Sudan, waɗanda ladarsu ita ce ganima: dabba, hatsi, da mutum. Ga 'yan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi daga ƙasar Mosi. Ga matan da ake kamawa a hanya ana rarraba wa sojoji. Ga garken shanu da dawaki da raƙuma da jakuna. In aka haɗa, ayarin ya doshi mutum dubu biyu. Gwamnatin da ta aiko su ba ta ba su kuɗin da zai ciyar da wannan taro ba. An bar su su ci daga abin da suka tarar.

Manomi da ke saurarena, kai ka san lissafin nan fiye da kowa. Ƙauye mai gida arba'in, rijiya ɗaya, rumbunan da ake lallaɓawa su kai kaka. Sai a wayi gari baki dubu biyu sun sauka, da dabbobinsu. Kwana ɗaya ya isa su ƙafar da rijiyar, su share rumbunan. Mai gari in ya ba da, jama'arsa ta mutu da yunwa. In ya hana, a ce ya yi tawaye. In mutane suka gudu daji da abin da za su iya ɗauka, a ƙone garin don ya zama ishara ga na gaba. Na gaban kuwa da sun hango hayaƙi sai su ma su watse, ayari ya iso bai tarar da kowa ba, fushi ya ƙaru. Haka abin ya riƙa ciyar da kansa tun daga bakin Kwara har ƙasar Tasawa. Ɗan dako in ya gaza ana kashe shi a gefen hanya, a kamo wani. Ja-gora in aka zarge shi da ɓatar da hanya ana rataye shi.

A watan Janairu 1899 suka yi kisan farko mai girma a Sansanin Hausa, bakin kogi, inda aka hallaka mutum 101, har da mata da yara. A Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, garin Sarauniya Mangu. Aznan Lugu suka tsaya da kwari da baka. Garin ya ci wuta, amma rahoton Faransawan da kansu ya nuna sun ƙone harsashi kusan 7,000, an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida, Sarauniya kuma ba su kama ta ba. A watan Mayu sai Birnin Konni, gari mai ganuwa da dubban jama'a. Suka kafa masa igwa, suka fasa shi, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa, suka kwashi mata. Har yau mutanen Konni suna nuna wuraren da aka tara gawarwaki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna kan tarihin Kaftin Voulet ne da ayarinsa na 1899.

Yaya aka yi Paris ta ji? Ba kukan talakawa ne ya kai can ba. Wani laftanan ne mai suna Peteau ya samu saɓani da Voulet tun farkon tafiya, aka sallame shi. Sai ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta bi hannu zuwa hannu har ta kai teburin ministan ƙasashen mallaka. A watan Afrilu aka ba da umarni a bi sawun ayarin, a bincika, in abin gaskiya ne a karɓe shugabanci daga hannun Voulet.

Wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne Laftanan Kanal Klobb, wanda ya riƙe Tumbuktu, ya kuma san Voulet ido da ido. Ya taso da wani matashin hafsa mai suna Meynier da sojojin da ba su wuce hamsin ba, suka yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 cikin gaggawa. Bai sha wahalar neman hanya ba. Kufai da toka da rijiyoyin da aka cika da gawa su suka yi masa ja-gora, yana tafe yana rubutawa a littafinsa.

Nan labarin ya shigo gidanmu. Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Runji, ba baƙuwar yaƙi ba ce. Gobirawa sun kafa ta ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maradi Rauda suka kwanta dama a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tun daga lokacin, shekara sittin da 'yan kai, Tsibiri da Maradi suna kai hari ana kawo musu, suna fakewa da kurmin gulbi, ba wanda ya iya tumɓuke su. Mutane ne da suka san doki da mashi da sulke, suka san yadda ake kare ganuwa. Amma yaƙin da suka sani yana da ƙa'ida da lokaci, yawanci da rani ake yinsa, in damina ta faɗi kowa ya koma gona. Wannan ayari kuwa ya iso da bindiga mai aman harsashi da yawa, ya kuma iso a farkon damina. Da Klobb ya kai Tsibiri, ya tarar an ƙone ta, ya ga gawar mata goma sha uku a rataye a kan itatuwa. Da ya ƙara gaba zuwa Koran Kalgo, ya ga yara mata biyu su ma a rataye.

Ku tuna wane wata ne. Yuli ne, an yi shuka, ana noman fari, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Wanda aka ƙone wa rumbu a wannan lokaci, aka kore shi daga gonarsa mako biyu ko uku, an kashe masa shekara guda ke nan. Littattafan Turawa sun ƙirga waɗanda harsashi da igiya suka kashe a wasu garuruwa. Waɗanda yunwar wannan shekara ta ɗauka a ƙauyukan da ke tsakanin gulbin Maradi da Tasawa ba su shiga lissafinsu ba.

Ranar 10 ga Yuli Klobb ya matso kusa, ya aika wa Voulet manzanni da takarda. Amsar da ta dawo ita ce: ina da bindiga 600, in ka ƙara matsowa zan ɗauke ka abokin gaba. Voulet ya ɓoye wa sauran hafsoshinsa wannan magana, ya tura su wasu wurare. Ranar 13 ga wata, saboda an kashe masa mutum biyu a wani ƙauye, ya sa aka hallaka mata da yara kimanin 150. Washegari, 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Klobb da Voulet suka yi ido huɗu a Dankori, a yankin Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya taho a kan doki da kakinsa da lambar girmansa a ƙirji, yana ganin ba sojan Faransa da zai ɗaga wa kanal bindiga. Voulet ya ba da umarni a buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya samu rauni a ƙafa.

Da yamma Voulet ya tara hafsoshinsa, ya cire galansa, ya shaida musu cewa shi yanzu ba Bafaranshe ba ne, sarkin baƙar fata ne, zai kafa daularsa da sojojin nan. Chanoine ya bi shi. Sauran Turawan suka janye jiki. Daular ba ta yi kwana uku ba. Sojojin baƙar fata suka fahimci cewa in suka bi shi, su da ganin gida har abada. Ranar 16 ga Yuli suka yi bore a Maijirgi, suka harbe Chanoine. Voulet ya tsere cikin dare, da gari ya waye ya dawo yana neman shiga sansani, mai gadi ya harbe shi. Yana da shekara 32.

Akwai abin da ba mu cika son faɗa ba a wannan labari, amma filin faɗakarwa ne, dole a faɗa. Turawan ba su kai goma sha biyu ba. Hannayen da suka cinna wutar, suka ɗaura igiyar, yawancinsu hannayen 'yan Afirka ne, waɗanda aka ce musu ladarsu tana cikin rumbun wani talaka irinsu. Kuma ranar da suka ga dama suka juya bindiga, a yini ɗaya aka gama da Voulet. Wata shida suna da wannan iko a hannunsu, ba su yi amfani da shi ba sai da abin ya zo kan makomarsu.

Irin wannan ba a ƙasarmu kaɗai aka yi shi ba. A Amurka, lokacin da Turawa ke tura iyakarsu yamma suna cin ƙasar 'yan asalin wurin, wani kanal mai suna Chivington ya auka wa sansanin ƙabilun Cheyenne da Arapaho a Sand Creek, cikin Colorado, a watan Nuwamba 1864. Yawancin waɗanda aka kashe mata ne da yara da tsofaffi. Wani kaftin mai suna Silas Soule ya hana mutanensa harbi, ya kuma ba da shaida gaban masu bincike. Bayan 'yan watanni aka bindige shi a titin Denver. Chivington kuwa ba a taɓa hukunta shi ba.

Mu dawo gida. Mutuwar Voulet ba ta tsayar da tafiyar ba. Laftanan Pallier ya karɓi ragama, ya nufi Damagaram, inda Faransawa ke da haushin kisan Kaftin Cazemajou da aka yi a 1898. A ƙarshen Yuli suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga birni, a watan Satumba aka kashe sarkin. Wani hafsan ayarin mai suna Joalland, da Meynier wanda ya warke daga rauninsa, suka ci gaba da sauran sojojin har tafkin Cadi, suka haɗu da sauran runduna biyu. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusiri, Rabe ya mutu, Lamy ma ya mutu. A cikin wannan shekara aka kafa yankin mulkin soja na Damagaram, wanda ya zama ƙasar mallaka ta Nijar a 1922.

A Paris an yi hayaniya a jaridu da majalisa, amma abin da ya tayar da hankalinsu shi ne hafsa ya harbe kanal. Wani ɗan majalisa mai suna Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike, 'yan majalisa suka ƙi. A 1902 aka rufe maganar da cewa zafin ranar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar Voulet da Chanoine. Ni dai wannan hukunci bai gamsar da ni ba. Mahaukaci ba ya tsara tafiyar mutum dubu biyu, ba ya rubuta rahoto, ba ya lissafin harsashi. Abin da Voulet ya yi a Tsibiri shi ya yi a Wagadugu shekara uku kafin nan, aka ba shi gala. Kuma ƙasar da ya ci da wuta ba a mayar wa kowa ba, an riƙe ta shekara sittin, har 1960.

Kaburburan mutanen biyu suna Maijirgi, a kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Ana ba da labarin cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar ba kowa ciki, abin da ya haifar da jita-jita iri-iri. Marubucinmu Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a kan Sarauniya Mangu a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. A 2020 an sake yin wani fim mai suna African Apocalypse, wanda ya bi sawun ayarin yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa, an kuma juya shi zuwa Hausa.

Sai dai ku lura, Lugu da Konni sun samu masu ba da labarinsu. Ƙananan garuruwan da ke tsakanin Tsibiri da Maijirgi, waɗanda ayarin ya bi ta kansu a makonninsa na ƙarshe, mafi yawan abin da duniya ta sani game da su daga littafin Klobb ya fito, baƙon da ya wuce a kan doki cikin sauri, bai san sunan ko mace ɗaya daga cikin goma sha ukun nan ba. Amma suna da suna, suna da dangi, wataƙila jikokin jikokinsu suna saurarenmu yanzu.

Don haka ga roƙonmu. Malaman lakwal da na makarantun allo, ɗalibai, da samari masu waya a hannu: ku je wurin kakanninku da tsofaffin unguwa, da makaɗa da maroƙan fada waɗanda ke riƙe da tarihin gidaje. Ku tambaye su abin da suka ji daga nasu kakannin game da shekarar da Nasara suka fara ratsowa. Wane gari aka ƙone, ina mutane suka gudu, wace rijiya aka daina sha, wane kufai ne ba a koma ba. Ku nemi izininsu ku ɗauki muryarsu, ku rubuta sunan garin da ranar da kuka yi hirar. Abin da suka ce sun ji, a rubuta shi a matsayin ji. Kada a ƙara gishiri, abin da ya faru ya isa haka. Wanda ya samu wani abu ya kawo mana nan gidan rediyo, za mu sa shi a wannan fili da yardar mai maganar.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.